Kamfanin da ya nemo mana mai ƙera ƙarfe: aiki ya yi kyau, sai dai tsatsar

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce, ba ruwana da harkar zane. An jefa ni kwamitin ƙawata sabon ginin tsangayarmu ne don kawai tagar ofishina na kallon harabar. Da muka yi zama uku ba mu tsinana komai ba, kowa na jan nasa, sai jami'a ta ɗauko wani kamfanin masu ba da shawara kan ayyukan fasaha. Yau shekara guda ke nan da kafa aikin, ga yadda muka kwashe da su.

A zaman farko, matar da suka turo ta hana mu zancen abin da za a ƙera. Ta ce a fara da kuɗi. A bakinta na ji cewa tun 1951 Faransa take ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantu domin aikin fasaha, jami'ar MIT ta Amurka ma ta kama irin wannan tsari a 1968. Mu kuwa da ragowar canji muka zo, bayan an gama rufi. Ba ta yi mana kara ba, ta ce mun makara. Ta nuna mana hoton babban ɗakin taron wata jami'a a Karakas, babban birnin Venezuela, inda manyan faifan da mai fasaha Alexander Calder ya tsara suke rataye a sama, suna ado suna kuma gyara sauti. Irin wannan, sai an kira mai fasaha tun gini yana kan takarda.

Wajen zaɓe ne suka burge ni. Sun tace masu nema zuwa uku, suka kafe sai an biya kowa ladan samfurinsa, ya ci ko bai ci ba. Ma'aji ya yi ta ƙunƙuni, ba su saurare shi ba. Mako biyu samfuran suna kan tebur a ƙofar laburare, ɗalibai na jefa ra'ayinsu a kwali. Wani ya rubuta cewa wanda na fi so kamar an tara tsofaffin gadaje ne. Na ji haushi, amma da na koma na leƙa shi ta gefe, wallahi da gaskiyar yaron.

Yarjejeniyar ma ba laifi. Sun sa sharaɗin abin da za a yi in wata rana aka so ɗauke aikin, suka ba mu misalin katangar ƙarfen mai fasaha Richard Serra da aka kafa a New York a 1981, aka tsige ta a 1989 bayan dogon rikici.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya ci ya yi aikin da ƙarfen Corten, wanda ake bari ya yi tsatsa da gangan, tsatsar ta zame masa riga. Sai dai a shekarun farko duk ruwan da ya bi jikinsa da launi yake sauka, kuma a kan farin daɓe aka dasa shi. Ranar da ake ɗaure ƙusoshi, dattijon da ke share harabar ya dube ni ya ce, "Malama, in an yi ruwa wa zai wanke nan?" Na yi dariya na wuce. Ni da nake koyar da yadda ƙarfe ke tsatsa! Amma ni ba a biya ni don in hango wannan ba, su aka biya.

Ruwan farko, jan layi ya miƙe daga gindin aikin har bakin matakala. Na rubuta musu, sai da aka yi mako uku suka amsa, wai aikinsu ya ƙare ranar yanke kyalle. Suka haɗo mini takardar kulawa mai shafi biyu, wadda ya kamata mu gani kafin a zuba siminti.

Yanzu an fasa daɓen kewaye da shi an zuba tsakuwa, daga aljihun tsangaya. Ɗalibai sun mai da inuwarsa wurin bita da rana. In za a sake ɗaukar kamfanin zan ɗaga hannu, amma sai an rubuta musu shekara guda ta bibiya, kuma Baba mai shara ya zauna a kwamiti.