Na kwana a riyad a Marrakesh: abin da ɗakin ya koya mini game da jere, da inda ya gaza

Sana'ata jere ce, ɗakunan amare da falukan matan aure, shi ya sa duk masaukin da na shiga idona ba ya hutawa. Wannan sharhi ne a kan wani ƙaramin masauki da na sauka a tsohon birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, irin wanda suke kira riyad. Hukuncina tun farko shi ne, ban taɓa kwana a ɗakin da kayansa suka yi ƙaranci haka, kuma ya yi kyau haka ba. Yana da nasa aibin, zan kuma faɗe shi, don wadda za ta kashe kuɗinta ta san abin da za ta tarar.

Riyad tsohon gidan iyali ne da aka mayar masaukin baƙi. Daga waje ba a ganin komai sai dogon bango jaja-jaja da ƙofar katako guda, a cikin lungun da mota ba ta shiga. Direba a bakin unguwa zai ajiye ki, mai amalanke ya tura miki akwati har ƙofa. Da kin wuce wani siririn zaure mai kwana sai ki faɗa tsakar gida, ga bishiyoyin lemu, ga ruwa yana ɓuɓɓugowa a tsakiya, sama a buɗe. Ɗakunan duk tsakar gidan suke kallo, babu tagar da ke leƙa titi. Wadda ta tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ba za ta ji baƙunta ba, don tunanin sutura iri ɗaya ne da namu. Birnin kansa sarakunan daular Murabiɗun ne suka kafa shi wajen shekarar 1070, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, saboda haka yawancin gidajen gyara su ake yi a kan tsohon tsarinsu.

Bangon ɗakin ne ya fara tsayar da ni. Ba fenti ba ne, ba kuma takardar bango ba. Wani shafe ne da suke kira tadelakt, na farar ƙasar da ake gasawa a yankin Marrakesh. Ana kwaɓa ta da launi a shafe bango, kafin ta gama bushewa magini ya ɗauki ɗan dutse mai santsi ya yi ta gugarta, sannan a bi ta da baƙin sabulu na man zaitun. Sabulun nan shi ke hana ruwa ratsa ta. Launin ɗakina na ƙasa ne mai ɗan ja, ba kuma iri ɗaya ba ne ko'ina, wani wurin ya ciza wani ya yi haske, gwargwadon yadda hannun mai gugar ya bi. In kika shafa sai ki ji shi sumul da sanyi kamar bayan randa. A banɗaki ma da shi aka yi wurin wanka da wurin wanke hannu, babu layin tayil ko ɗaya da datti zai maƙale. Raina ya sosu da na tuna mu ma muna da laso, wanda magina ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don ruwa ya kasa cin soro, muna da makuba ta ɓawon ɗorawa. Su sun riƙe nasu har baƙi na biyan kuɗi su kwana a cikinsa. Mu yau da wuya ki samu maginin da zai yi miki laso.

Sai haske. Babu ƙwan lantarki a tsakiyar rufi ko ɗaya. Fitilu ne ƙanana na tagulla da aka huhhuda da hannu, ɗaya a kowane gefen gado, ɗaya rataye can ƙurya, duk haskensu ruwan ɗorawa ne mai laushi, ramukan tagullar suna watsa zane a bango. A nan na fi daɗewa ina nazari, don a nan muka fi yin ɓarna a gidajenmu. Sai a kashe maƙudan kuɗi a kan silin, a zagaye shi da fitilu shuɗi da ja da kore, a ƙara da farin ƙwai mai kashe ido a tsakiya, amarya ta shiga ɗaki duk kwalliyarta ta dushe. Fitila uku a ƙasa da tsayin mutum sun fi wannan tarkacen sauƙin kuɗi, sun kuma fi shi fito da kyan kaya. Amma a masaukin nan sun wuce gona da iri. Ɗakin ya yi duhun da ba a iya karatun Alƙur'ani a cikinsa bayan magariba, kwalli ma sai na buɗe ƙofa nake sawa. Fitila ɗaya mai ƙarfi kusa da madubi da ta raba gardama.

Ɗakin dogo ne siriri, haka kuma ɗakunan riyad suke, don tsawon katakon da ake rufi da shi ne ke yanke faɗin ɗaki, yadda azara ke yi wa namu soraye. Ba su yi faɗa da siffar ba. Gado na can ƙarshe guda a cikin wani lungu mai baka, ɗayan ƙarshen kuma dakali ne da aka gina a jikin bango, aka ɗora masa katifa da matasai. Tsakiya fili. Abin da ke ƙasa kafet ɗaya ne na ulu, fari mai baƙaƙen layuka, saƙar matan Beni Warain na duwatsun Atlas, sai tumtum biyu na fata. Tumtum ɗin sun sa ni murmushi, domin fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko.

Tayil ɗinsu mai suna zellij, wanda ake sassaƙa kowane gutsure da hannu kafin a jera, ɗan siririn layi kawai aka yi da shi a bakin ƙofa. Na je makarantar Ben Youssef, ginin ƙarni na 16, na kuma je fadar Bahia, inda zellij ya rufe ƙasan bango, sassaƙar farar ƙasa ta hau samansa, katako mai zane ya rufe sama. Hotunan irin waɗannan wurare, da na manyan otal kamar La Mamounia da ke aiki tun 1923, ko Royal Mansour da aka buɗe a 2010 da riyad 53 a cikinsa, su abokan cinikina ke turo mini daga Instagram su ce haka suke so. Waɗancan fadoji ne masu dogon rufi da filin da ido zai huta. In aka cusa wannan yawan zane a ɗaki ɗaya na haya, ciwon kai zai sa. Mai riyad ɗin da na sauka ya fahimci haka, har shuɗin nan mai ƙarfi na Majorelle, wani sanannen lambu a Marrakesh, a kan kujera 'yar tsugunne guda kawai ya sa shi, kuma ita ido ke fara sauka a kai.

Ta fuskar hidima ba ni da ƙorafi. Ma'aikatan na da fara'a, sun nuna mini alƙibla ba tare da na tambaya ba. Karin kumallo a saman soro ake yi, da wainar fulawarsu mai suna msemen, da zuma, da shayin na'ana'a.

Aibin da ya fi damuna shi ne sauti. Tunda kowace ƙofa tsakar gida take kallo, tarin maƙwabci ma ana ji, wanda ya dawo da tsakar dare kuwa ya tashi gidan duka. Ƙofar ɗakin tsohuwa ce mai ganye biyu, sakata ce kawai a ciki, iska na shigowa ta tsakaninsu, kuma daren hunturu a Marrakesh sanyi gare shi ba na wasa ba. Matakalar sama matsattsiya ce mai tsayi, babu lif, don haka ba zan kai mahaifiyata can ba. Na leƙa wani ɗakin ƙasa na ji warin danshi. Babu kuma wadrob, ƙugiyoyi ne a bango da ɗan kanta, wanda ya isa baƙon 'yan kwanaki amma ba zai ɗauki lefen mace ba. Ya kamata masu kwaikwayon ɗakin otal su riƙa tuna cewa ba a ajiye rayuwa a cikinsa, shi ya sa yake iya zama fayau.

Da na dawo na gwada wasu abubuwan a ɗakin wata amarya. Mun bar silin fari ba ado, mun sa fitilun tagulla aikin Bidda a gefen gado, bango launi ɗaya na ƙasa, tumtum daga kasuwar Kurmi. Gwaggonninta da suka zo ganin ɗaki suka ce ai ba a gama jere ba. Ban ga laifinsu ba, don a wurinmu cikar ɗaki ita ce shaidar ƙoƙarin iyaye, ba kuma abin rainawa ba ne. Abin da muka yi shi ne muka tattara kwanuka da tangaran cikin kabet ɗaya babba a falo, uwar ɗaka muka bar ta da sarari, kowa ya samu abin da yake so. Kafet ɗin ulu fari kuwa na hana ta saya, ƙurar hunturunmu wata guda za ta mayar da shi ruwan ƙasa. Tadelakt ma ban ba kowa shawara ba sai an samu wanda ya koyi aikin da gaske, don in aka yi shi ba daidai ba tsagewa yake, ruwa ya shiga, kuma ba ya son omo ko sinadarin wanke tayil.

Wadda za ta je, ta nemi ɗakin bene ba na ƙasa ba, ta tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki in tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ta kuma sa a turo mata hoton ɗakin da rana ba tare da an kunna fitila ba. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta taɓa gine-gine a tsohon birnin, saboda haka ba laifi ba ne ki tambayi mai masaukin ko an duba ginin an gyara tun bayan nan, kafin ki tura kuɗin kama ɗaki.