EyeWire: dandalin da ke sa mutum bin sawun jijiyoyin ido da hannunsa

Yawancin masanan da ke son kusantar da jama'a ga kimiyya sukan tsaya ne ga lacca da rubutu, su yi bayani, mu kuma mu saurara. Farfesa Sebastian Seung, masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya bi wata hanya dabam a watan Disamba na 2012, lokacin yana jami'ar MIT a Amurka, inda shi da abokan aikinsa suka buɗe EyeWire, wani dandali na kyauta a intanet mai siffar wasa, wanda ke miƙa wa kowa wani yanki na ainihin binciken da ake yi a ɗakin gwaji. Na ɗauki makonni ina amfani da shi, kuma wannan miƙa aikin ne ya sa nake ganin ya cancanci a yi magana a kansa.

Hotunan da ake aiki da su na tantanin bayan idon ɓera ne, wato shimfiɗar da ke karɓar haske, kuma an ɗauke su ne a cibiyar Max Planck da ke Heidelberg a Jamus, ta hanyar fere naman sala-sala ana ɗaukar hoton kowane mataki da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da ilektiron. Idan mutum ya shiga, sai a ba shi wani ɗan curi wanda faɗinsa bai kai na silin gashi ba ko kusa. A gefe ɗaya na allo yana ganin salar cikin launin toka, cike da da'irori manne da juna kamar kumfar sabulu, a ɗaya gefen kuma yana ganin reshen jijiyar a tsaye yana iya jujjuya shi. Kwamfuta ta riga ta shafa wa wani ɓangare launi, ta tsaya a inda ta rikice, sai a bar wa ɗan Adam ya gangara sala bayan sala yana cike abin da ta tsallake.

A nan ne na fi jin daɗin dandalin. Ranar da na fara gane cewa wani ɗan ɗigo da na kusa wucewa bakin wani sabon reshe ne, na taɓa shi, sai ga shi ya miƙe a hoton gefe har ya fice daga curin, na fahimci abin da littattafai suka daɗe suna gaya mini ban kama ba: ƙwayar jijiya bishiya ce mai rassa, kuma rassan dubban bishiyoyi ne ke cukurkuɗe a wuri guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗe jijiyoyi biyu maƙwabta a ɗauke su ɗaya. Na yi shi ba sau ɗaya ba, sai dai tsarin bai dogara da idon mutum guda ba, domin kowane curi mutane da dama ne ke binsa, a ɗauki abin da suka haɗu a kai, kuma makin da ake ba ka yana bin yadda aikinka ya dace da wannan matsaya. Gogaggun 'yan wasa kuma ana ɗaga su zuwa matsayin masu duba aikin wasu.

Abin da ya raba EyeWire da wasan ɗebe kewa shi ne sakamakonsa. A shekarar 2014 mujallar Nature ta buga binciken da aikin 'yan wasa sama da 2,000 ya taimaka wajen kammalawa, aka kuma sanya su cikin marubuta. Binciken ya nuna yadda wasu ƙwayoyin jijiyar ido masu siffar tauraro ke gane inda abu ya nufa: saƙon da ke shigar musu kusa da tsakiya yana ɗan jinkiri, na can bakin reshe kuma yana da sauri, saboda haka idan haske ya tafi daga ciki zuwa waje sai saƙonnin biyu su iso tare su ƙarfafa juna. Wannan hanya ta haɗa idon jama'a da basirar na'ura ita ce Seung, wanda ya koma jami'ar Princeton a 2014, da Farfesa Mala Murthy suka faɗaɗa a wani dandali makamancinsa mai suna FlyWire, har aka fitar da taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace a 2024, mai ƙwayoyin jijiya kusan 140,000.

Sai dai aikin yana buƙatar haƙuri, musamman a darussan farko, kuma an yi shi ne domin kwamfuta mai faffaɗan allo da linzami, abin da ke rage yawan waɗanda za su amfana. Gasa da teburin maki ba su dame ni ba, amma ɗakin hirar da tsofaffin hannu ke amsa tambayar sabon shiga ya taimake ni ƙwarai. Ina ba malaman kimiyya da ɗaliban da ke sha'awar aikin likita shawarar su gwada shi, su kuma ware aƙalla awa guda domin zaman farko.