Todoist: yadda yake tafiyar da ayyukan da ke maimaituwa da waɗanda lokacinsu ya wuce

Todoist manhajar tsara ayyuka ce ta kamfanin Doist wadda ta fito tun 2007, tana aiki a waya da kwamfuta, kuma ko babu intanet ana iya rubuta aiki, in sabis ya dawo ta daidaita komai. Inda ta yi wa takwarorinta fintinkau shi ne wajen aikin da ke dawowa lokaci zuwa lokaci. Ba sai an yi ta latse-latse ba, rubutawa kawai ake yi kusa da sunan aikin: "every mon, thu" ga mai azumin Litinin da Alhamis, "every last day" don ƙarshen wata. Tana gane Turanci da Faransanci, amma ba ta gane Hausa, kuma kalandar Miladiyya kaɗai take bi. Saboda haka azumin 13, 14 da 15 ga watan Musulunci sai dai a riƙa sa shi da hannu kowane wata.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne bambancin "every" da "every!". Na farko yana ƙirga daga ranar da aka tsara tun asali, na biyu kuwa daga ranar da aka kammala aikin. A ɗauki canjin baƙin man mota. In an rubuta "every 3 months" sannan aka makara da wata guda, manhajar za ta sake kiran mutum bayan wata biyu kacal, alhali man bai gaji ba. Da "every! 3 months" sai ta ba shi cikakken wata uku daga ranar da bakanike ya zuba sabo. Kuɗin haya da albashin ma'aikata kuwa ranarsu ba ta motsi, don haka kada a sa musu alamar "!".

Matsalar da ta fi damun mu tana wajen aikin da aka bari ya kwana. Todoist ba ta ƙirƙirar sabon aiki a kowane zagaye. Aiki ɗaya ne take turawa gaba, kuma ranar da ke tafe kaɗai take ba shi. Ga shayar da shuka ko share shago wannan daidai ne, tunda ba a ramuwar sharar jiya. Amma mai zubin adashi na mako-mako da ya tsallake mako uku, da zarar ya taɓa alamar kammalawa sau ɗaya, aikin ya haura mako mai zuwa, zubi biyun da ake bin sa kuma babu abin da zai tuna masa da su. Duk abin da ke taruwa ya zama bashi, a buɗe wa kowane zagayen da aka rasa aikinsa daban kafin a taɓa na asalin.

Ɗage rana ma yana da tarko. In aka zaɓi sabuwar rana daga ɗan kalandar, maimaituwar tana nan. In kuwa aka goge rubutun maimaituwar aka rubuta "tomorrow" (gobe) a wurinsa, an kashe ta ke nan, aikin ya koma na sau ɗaya.

Ayyukan da suka makara suna taruwa a saman shafin yau da jan rubutu, tare da maɓallin "Reschedule" mai kwashe su gaba ɗaya. Ba mu ba da shawarar amfani da shi ido rufe, domin yana jibge nauyin mako guda a kan yini ɗaya. Gara a haɗa matata, wato abin tace ayyuka, mai "overdue & !recurring", a fara da ayyukan sau ɗaya da suka kwana, sannan a bi masu maimaituwa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin kyauta yana ba da irin wannan matatar guda 3 da manyan rukunan ayyuka 5, wanda ya ishi mai sana'ar da ke aiki shi kaɗai.