Shagon Turin Fina-finai a Wunti: Yadda Suke Ɗora Mahabharat a Memori

Masu kallon fina-finan Indiya a Bauchi sun saba ganin mai sarewa shuɗin jiki da mai kan giwa a ɗakin bautar Hindu, amma kaɗan ne suka san labarinsu. Akwai wani shagon turi a gefen kasuwar Wunti da ke ɗora wa mutane Mahabharat, shirin talabijin na B. R. Chopra a kan tsohon labarin addinin Hindu mai wannan suna, wanda tashar Doordarshan ta Indiya ta nuna daga 1988 zuwa 1990. Ga ɗalibin nazarin addinai, ko mai son sanin abin da 'yan Hindu suka yi imani da shi, aikin shagon ya ci kuɗinsa, muddin ka duba kayanka kafin ka tashi.

Tun farko ka ce na 1988 kake so, mai kashi 94. Akwai na 2013 mai kashi 267, kuma yaran shago kan haɗa su a babban fayil ɗaya saboda sunan iri ɗaya ne. Na 2013 ya fi kyan hoto, amma tsohon ya fi natsuwa wajen bayani. Marubucin maganganunsa, Rahi Masoom Raza, Musulmi ne, kuma mai ba da labarin shi ne Lokaci da kansa, yana warware wa mai kallo nasabar gidan sarautar Hastinapura. Wannan nasaba ita ce ƙashin bayan komai: Pandawa biyar, 'yan uwansu Kaurawa ɗari, cacar da aka yi asarar mulki da Draupadi, matar Pandawa, a cikinta, gudun hijirar shekara 12 a daji da shekara ɗaya a ɓoye, sannan yaƙin kwana 18 a Kurukshetra.

Kowane kashi ya kai wajen minti 45. Idan aka matse shi zuwa megabait 200, duka za su ci kusan gigabait 19, don haka memori mai 32 za ka riƙo; mai 16 ba zai ɗauka ba. Ka zo da naka na kirki, domin jabun memori yakan nuna ya karɓa, sai ka je gida ka tarar kashin ƙarshe sun ƙi buɗewa.

Inda shagon ya fi rauni shi ne fassarar Turanci da ke fitowa a ƙasan allo. Tana zuwa a ƙaramin fayil dabam, kuma in sunanta bai yi daidai da na bidiyon ba, manhajar kunna bidiyo ta VLC ba za ta ɗauko ta ba. Ba tare da ita ba, wurin da ya fi muhimmanci ya tashi a banza, wato Bhagavad Gita da ke zuwa bayan kashi na 70. A nan Arjuna, ɗaya daga cikin Pandawa, ya ajiye bakansa, ya ce ba zai yaƙi kakansa Bhishma da malaminsa Drona ba, sai Krishna, direban karusarsa, ya yi masa bayanin dharma, hakkin da ke kan mutum gwargwadon matsayinsa, da karma, wato sakamakon aikin mutum, da aƙidarsu ta cewa rai na sauya jiki bayan mutuwa. A wurinsu Krishna, mai sarewar nan shuɗin jiki, shi ne saukowar Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ta takwas. Asalin Gita babi 18 ne, baiti 700, shirin tsakure kawai ya kawo, kada wani ya kafa hujja da shi a rubutun makaranta.

Sai jerin lamba: waya takan sa kashi na 10 a bayan na 1. Ka ce su rubuta 01, 02, har zuwa 94. Suna yi ba gardama, kuma mai shagon yakan bari ka buɗe na farko, na 73 da na ƙarshe a kwamfutarsa kafin ka biya. Fassarar Hausa ta wannan shiri dai babu a wurinsu, wanda ba ya karanta Turanci sai ya nemi abokin kallo.