Tiyatar ƙafar Yaya a Kumasi: aiki ya yi kyau, wahalar tana gida

Masu tare ni a unguwar Aboabo suna tambaya ko aikin da aka yi wa yayana ya ci kuɗinsa, amsata ita ce e, ya ci.

Tafin ƙafarsa ya ɗaga sama sosai, yatsu sun lanƙwashe, dunduniya ta karkata ciki, sai yana taka gefen ƙafa. Kanta ta fito masa a wurin, kullum targaɗe a idon sawu. Mutanen gida suna cewa shan inna ne, mai ɗori kuma ya yi iya nasa.

Abin da ya sa na yarda da likitan ƙashin nan, bai fara da maganar wuƙa ba. Ya sa Yaya ya taka wani ɗan katako da dunduniya da gefen ƙafa, ɓangaren babban yatsa yana lilo, shi kuma ya tsuguna a baya yana kallo. Dunduniyar ta miƙe. Ya ce wannan na nuna ƙafar ba ta sandare ba, ba sai an haɗe gaɓoɓi ba. Sannan ya tambayi ko akwai mai irin ƙafar a dangi. Akwai, Baba. Gwajin jijiya ya nuna ciwon gado ne da ake kira Charcot-Marie-Tooth.

An yanka ƙashin da ke bayan babban yatsa an ɗaga shi, an matsar da ƙashin dunduniya waje an ɗaure da kusoshi, an sauya wa wata jijiya mai haɗa tsoka da ƙashi mazauni. Ƙafa ɗaya aka yi, ɗayar sai wannan ta warke. Ya kuma faɗa mana ƙarara: "Alhaji, ƙafar zan miƙe maka, ciwon jijiyar yana nan."

Inda na rage wa asibitin maki shi ne bayan sallama. Mako 6 ba a taka ƙafa, tana cikin siminti, amma ba wanda ya zaunar da mu kan yadda za a yi da wanka da alwala a gidan haya mai banɗaki ɗaya. Layin gashin ƙashi ma dogo ne, ga kuɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa da dawowa. Ku tambayi abin da inshora za ta biya tun kafin a ba ku rana.

Kumburi yana dawowa da yamma har yanzu, an ce yana iya kai shekara. Amma yana taka tafin ƙafa gaba ɗaya, kuma ya koma shagonsa a kasuwar Kejetia.