Wasiƙa daga Faris: kayan koyar da ilimin ƙasa, nasu da namu

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da iyali da su Inna kuna lafiya, ya zafin Maraɗi. Ka ce in duba maka kayan da ake koyar da ilimin ƙasa da na halittu a nan, wato SVT ɗinku, in gaya maka wanda ya cancanci a kashe masa kuɗi.

A kwalejin da ɗiyarka take, littafin karatu aro ake ba yaro kyauta a farkon shekara, ya mayar a ƙarshe. Amma ba littafin ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Ɗakin SVT daban yake, da famfo da kabad cike da akwatunan duwatsu, kowane dutse da lambarsa. Ranar da aka kira iyaye, malamar ta miƙo mani fararen duwatsu guda 2 ta ce in bambanta su. Na juya, na shinshina, ban ga bambanci ba. Sai ta ɗiga wa kowanne ruwan asid mai sauƙi. Ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya hau kumfa yana cuwa, ta ce wannan shi ne dutsen da ake siminti da shi. Irinsa ne fa ake haƙa a Malbaza. Mu hadda muka yi shi a allo, muka rubuta a BEPC, ba mu taɓa riƙe shi ba. Taswirar duwatsun ƙasarsu kuwa, hukumarsu ta BRGM ta zuba ta a intanet, kowa ya duba ba ko sisi.

Inda na fi daɗewa shi ne gidan tarihin halittu na Jardin des Plantes. A ɗakin ƙasusuwa, wanda aka buɗe tun 1898, akwai wani kada da kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Na sunkuya in karanta takardar jikinsa, sai ga sunan Nijar. Sarcosuchus ke nan, daga Gadufawa cikin Tenere, ya rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake koguna da dausayi. Masana Faransawa 2, France de Broin da Philippe Taquet, suka raɗa masa suna a 1966. Yara ƴan lakwal sun zagaye shi da fensir suna zana haƙoransa, malaminsu na tambayar su me zai kai kada cikin hamada. Wallahi Yaya, daɗi da takaici suka haɗe mani wuri ɗaya. Daga Gadufawar nan aka samo ƙasusuwan manyan dabbobin da, wato dinozor, irin su Ouranosaurus da ke tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 wanda Paul Sereno na jami'ar Chicago ya bayyana a 1999. Yara nawa ne a ajinka suka taɓa jin sunayen nan, balle a kai su Yamai su gani?

Batun juyin halitta, na san shi ne ke sa ka taka-tsantsan da iyayen yara. A nan gini guda aka ware masa, an buɗe shi a 1994, mutum-mutumin Lamarck, masanin halittu Bafaranshe, kuma na bakin ƙofar lambun. Kada ka ɗauka babu gardama, musulmin nan ma suna yi, musamman in an zo kan asalin ɗan Adam da tsohuwar ƙwaryar kan da ake kira Tumai, wadda aka tsinta a Chadi a 2001. Abin da na lura, malaman ƙwarai ba daga nan suke farawa ba, daga abin da ido ke gani suke tasowa. A wannan fanni kai ka fi su kaya. Kowane manomi a Gidan Rumji ya san shibra, ya san yadda ake ware zangarniya mai kyau don iri, kuma da irin wannan zaɓe ne kakanninmu na Sahel suka mayar da ciyawar daji gero fiye da shekaru 4,000 baya. Kowa ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokin, ya ga sauron da ya saba da magani. Ga kuma sikila, wadda ta yawaita inda zazzaɓin ya yi katutu, don mai ɗauke da rabin gadonta yana samun kariya.

Sai maganar saye. Akwatin duwatsu na kamfani kada ka sa shi a rai. Yana da tsada, ga nauyi, ga kuɗin jirgi da na duwan, kuma yuro 1 sefa 656 ne. Ka sa ɗalibanka su haɗa nasu: marmara, yumɓun gulbi, yashin jigawa, kanwa, gishirin Bilma, garanit na wajen Ɗan Isa inda ake haƙar zinariya. Lemun tsami ma yana sa dutsen siminti kumfa in ka daka shi gari, sai dai ba kamar asid ba. Sunan da ya shige maka duhu, sashen ilimin duwatsu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana nan kusa da kai. Abin da ya fi araha da inganci a nan shi ne ƙananan kaya: gilashin ƙara girma na aljihu, kamfas, taswirar bango mai roba, da mikroskop na hannu wanda aka yi amfani da shi. Ka nemi mai madubi, ba mai fitila ba, saboda ɗaukewar wuta.

In iyaye suka ce karatun dutse ba ya kawo tuwo, tuna masu da Tibiri, inda sinadarin fuluwo da ke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya lanƙwasa ƙafafun yara, ya ɓata masu haƙora. Tuna masu kuma ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohuwar Maraɗi daga kwari zuwa tudu.

Na fara tara gilasan, zan haɗa da kamfas in ba wani ɗan gida da zai zo hutu. Turo mani yawan ɗaliban ajinka ta WhatsApp, in san ko guda 10 za su isa in an raba su rukuni-rukuni. A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso lafiya.

Ƙanenka.