Ta Gabas ko ta Yamma? Amsa ga Ƙanenmu Mai Shirin Shiga Dazukan Amurka

Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na sami natsuwa. Ka ce kana zaune a Maryland, kana gab da gama karatu, za ka sami wata shida a hannu daga Afrilu, kuma ranka ya biya ka taka ɗaya daga cikin dogayen hanyoyin dajin Amurka guda biyu da ƙafa: Appalachian Trail ta gabas, ko Pacific Crest Trail ta yamma. Ka ce ta yamma ta fi kwanta maka saboda hotunanta, kuma wanda ya tashi a zafin Sakkwato hamada ba za ta ba shi tsoro ba. Sannan ka ce ba ka taɓa wuce kwana biyu a tanti ba. Wannan magana ta ƙarshe ita na fi riƙewa, kuma saboda ita nake cewa ka fara da ta gabas. Na taka sassan ta gabas a Maryland da Bajiniya da Maine, na yi kwanaki a tsaunukan Sierra a ta yamma, bari in jera maka su ka gani.

Ta gabas ta kai kusan mil 2,200, wajen kilomita 3,500 ke nan, ya fi Kano zuwa Legas sau uku. Tana tashi daga dutsen Springer a Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a kan dutsen Katahdin a Maine. Benton MacKaye ne ya kawo shawararta a 1921, aka gama haɗa ta a 1937. Ta yamma mil 2,650 ce, daga Campo a bakin iyakar Meziko har iyakar Kanada, cikin jihohi uku kacal: Kalifoniya, Oregon da Washinton. Sai a 1993 aka kammala ta. Tsayi ma ta yamma ce gaba. Mashigar Forester ta kai mita 4,009, alhali wuri mafi tsayi a ta gabas, Kuwohi, wanda da ake kira Clingmans Dome, mita 2,025 ne, bai ko kai Chappal Waddi namu na Taraba ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ta gabas wasan yara ce. Ba haka ba ne. Ta yamma an shata ta ne yadda doki ma zai iya bi, don haka hawanta kwana-kwana ne, a hankali, ƙafa tana samun wurin sauka. Ta gabas kuwa sau da yawa miƙewa take yi ta haye tudu kai tsaye, ta gangaro, ta sake hayewa, bisa saiwoyi da santsin duwatsu. In aka tara hawa da saukar da ke cikinta, masu kula da ita sun ce daidai yake da hawan Everest sau 16. A Pennsylvania duwatsu masu kaifi ne ke cinye takalmi. A Maine akwai wani kwazazzabo, Mahoosuc Notch, tsawonsa mil ɗaya ne, amma manyan duwatsu ne jibge, wasu sun fi mota girma. Akwai inda sai ka sauke jaka, ka tura ta gaba ta cikin rami, ka bi ta da rarrafe, sanyi na busowa daga ƙarƙashi domin ƙanƙara kan kwana a ramukan har tsakiyar lokacin zafi. Mil ɗayan nan yakan ci wa mutum awa biyu ko fiye.

To me ya sa duk da haka nake tura ka can? Domin wahalar ta gabas wahalar jiki ce, kuma kusan kullum akwai mafita kusa. Duk kwana uku zuwa biyar za ka ƙetare titi da zai kai ka gari, ka sayi guzuri, ka yi wanka, ka huta. Akwai rumfunan kwana fiye da 250, masu bango uku da buɗaɗɗen gaba, galibi kusa da ruwa. An shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu tun daga Jojiya har Maine, ɓata hanya sai da sakaci. Har a kogin Kennebec, inda madatsar ruwa ta sama kan saki ruwa ba zato, an ajiye ɗan fito da kwalekwale, kuma an shafa farar alamar a cikin kwalekwalen don ka san shiga cikinsa shi ne hanyar. Wannan abu ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna masu hanyar sun fi son ka isa da rai a kan ka nuna jarumta. Wanda ya yi kuskuren sabon shiga a nan, ya ɗauki kaya fiye da kima ko ya sayi takalmin da ya matse shi, zai gyara a gari na gaba.

Ta yamma ba ta da wannan sauƙin. Mil 700 na farko, har zuwa Kennedy Meadows, yawancinsa busasshen daji ne da hamada. Na yarda zafin ba zai zame maka baƙo ba. Amma a gida zafi muke sha kusa da randa, muna fakewa a inuwa da azahar. A can akwai zangon da za ka yi mil ashirin ko fiye ba ruwa, kowace lita kilo ɗaya ce a gadon bayanka, ga abinci ga tanti. Kuma ba hamadar ce ta fi haɗari ba, abin da ke bayanta ne. Kana fita daga ita sai Sierra, inda dusar ƙanƙara kan rufe mashigai har cikin Yuni, mutane na tafe da ɗan gatarin ƙanƙara don tsayar da kai in santsi ya kwashe su. Ƙanƙarar nan in ta narke ita ke cika rafuka, kuma ƙetare su ya ci rayuka. Na tsaya a bakin wani da hantsi, ruwan garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasa, na sa ƙafa ya kai mini cinya, kafin in kai tsakiya na daina jin yatsuna. Zafin Sakkwato bai koya mana wannan ba. Ƙari kan haka lokaci a ƙure yake: ba ka son shiga Sierra da wuri, kuma dole ka fita daga Washinton kafin sabuwar ƙanƙara ta sauka a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Shi ya sa masu bin ta kan yi mil ashirin ko fiye kullum. Ga gobarar daji, wadda kusan kowace shekara takan sa a rufe wasu sassa.

Ba zan ɓoye maka ba, a kyan gani ta yamma ta yi gaba nesa. Ido yana cin nisa, tsaunuka farare, tafkuna shuɗaye irin Crater Lake. Ta gabas kurmi ne, kana iya wuni ba ka ga komai ba sai ganye. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, hoto ba ya nuna nauyin jaka.

Abin da zai fi gwada ka a gabas shi ne jiƙa. Ruwa kan yi kwana uku yana zuba kamar marka, ba abin da ke bushewa saboda laima. Da asuba za ka laluba safa, ka same ta a jiƙe da sanyi kamar yadda ka cire ta, ka matse, ka sake zurawa, fatar tafin ƙafa ta yi fari ta tattare. Da dare ɓeraye na sintiri a rumfa. Yawancin masu niyyar gama ta ba sa kai ƙarshe, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa, kuma a ganina irin waɗannan safiyoyin ne ke karya zuciya fiye da kowane dutse.

Ka sa ido sosai a kan kaska. Beyar ake yawan tsoro, alhali baƙar beyar ta gabas galibi abincinka take so, in ka rataye shi nesa da makwanci ko ka sa a akwatin da aka tanada kun rabu lafiya. Kaskar kuwa ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, wata ma ba ta kai ba, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, musamman daga Bajiniya zuwa arewa. Alamunta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, wani lokaci da zagayayyen ja a fata, wanda a baƙar fata ba ya saurin bayyana. Mu da muka saba da zazzaɓin cizon sauro muna iya cewa shi ne, mu sha magani mu kwanta. Kada ka yi haka, ka je asibiti ka ce ka fito daga daji. Ka fesa wa tufafinka maganin permethrin, ka duba jikinka kowane dare.

Maganar ibada ma ta gabas ta fi sauƙi. Ruwan alwala ba ya yankewa, sai dai ka ɗiba ka matsa nesa da maɓuɓɓuga, kuma na sha dole ka tace shi. A hamadar yamma sau da yawa taimama za ka yi. Azumin 2027 zai ƙare a farkon Maris, ka ga Afrilu ta yi maka daidai. Ka riƙa karanta bayan fakitin busasshen abinci, naman alade na shiga inda ba ka zato. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dabino ba su da nauyi kuma suna riƙe ciki. Kilishi ya dace da tafiyar nan, amma kada ka sa a taho maka da shi daga gida, ba a barin nama ya shiga Amurka ta filin jirgi. Ka yi naka a can.

Takardun izini: ta yamma ana kayyade masu tashi daga Campo zuwa mutum 50 a rana a lokacin da aka fi tashi, kuma tun watanni kafin lokacin ake rububinsu. Ta gabas sai a wasu wurare, kamar Great Smoky Mountains da Shenandoah da Baxter, inda Katahdin yake. Ka yi lissafin isa Katahdin kafin tsakiyar Oktoba. Kafin shi akwai dajin mil ɗari da ke farawa daga Monson, inda allon bakin hanya ke gargaɗin a ɗauki abincin kwana goma. Lokacin da za ka iso nan ƙafarka ta riga ta goge.

Kuma kada tsadar kaya ta hana ka. Emma Gatewood, uwar 'ya'ya 11, tana da shekara 67 ta gama ta gabas a 1955, da takalmin kambas da buhu a kafaɗa.

Ga abin da nake so ka fara yi tun kafin Afrilu. Hanyar ta bi ta jiharka, mil 41 ne daga Pen Mar zuwa Harpers Ferry, inda ofishin ƙungiyar da ke kula da hanyar yake, kuma jirgin ƙasa na zuwa can daga birnin Washinton. Ka cika jakarka da duk abin da kake shirin ɗauka, ka yi shi cikin kwana huɗu, in da hali ka zaɓi makon da aka ce za a yi ruwa. In ka dawo ka zazzage jakar a tsakar ɗaki, ka ware duk abin da ba ka taɓa ba, ka rubuto mana abin da ya rage da nauyinsa mu duba tare. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.